Ɗora Buta, Merle

Alwyn Treloar makashin ƙwai ne. Shekara talatin ya yi yana wannan aika-aika, mu kuwa muna zaune a falonsa muna kurɓar shayinsa, muna zuba masa godiya. Ba zan sassauta maganar don yana kabari ba. Abin da ya yi, ya yi.

Wata Asabar ce da la'asar, cikin watan Satumba, lokacin da sanyi ke janyewa a nan wajenmu, na tsaya a ƙofar bayan kicin ɗinsu da ƙwai ɗaya a tafin hannu. Ɗazu-ɗazu na kwaso sha ɗaya da suka taru 'yan kwanakin nan a akurkinsa na miƙa wa matarsa Merle, da na koma rufe ƙofa sai ga na sha biyun a bayan buhun dusa. Na dawo da shi da sauri don dozin da za a ba Des, tsohon abokin Alwyn, ya cika. Na tarar da Merle ta jera ƙwayayen a wani kwano mai zurfi, tana tsiyaya musu ruwa daga butar shayi. Tururi ya rufe mata tabarau.

"Merle, me kike yi?"

Ba ta firgita ba. Ta ajiye butar, ta cire tabarau ta goge da bakin riga.

"Ba a koya maka ƙwanƙwasa ƙofa ba, Lyall?"

"Ƙwan da za a ba Des ne wannan?"

"Shi ne."

"Dafa masa za ki yi?"

"Ba ya dahuwa. Ruwan zafi ne a sirka da na famfo. A bar shi gwargwadon yadda baƙo zai shanye kofi ɗaya, sai a sanyaya, a goge, a jera a kiret. Ko ka fasa ba za ka ga komai ba." Tana faɗa kamar mai koya mini yin kek. "Abin da ke ciki ne kawai yake mutuwa."

Ni maƙwabcinsu ne. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma ni na kafa shi, don sana'ata ke nan. Tun da ciwon huhu ya kwantar da Alwyn, asibiti suka sallamo shi suka ce abin da ya rage sai jira, ni ke ba kajinsa abinci safe da yamma. Kafin nan bai taɓa barin ƙafata ta taka cikin akurkinsa ba.

Kajin farare ne, manya, irin da ake kira Langshan. Baƙaƙen har yanzu ana ganinsu jefi-jefi a gasa, amma farare manya, duk tsawon zamana a garin nan, kafin bara, ban san mai su ba sai shi. Dogaye ne, ido baƙi wuluk, da siririn gashi da ke bin gefen ƙafa har yatsan waje. In suka fito kan ciyawa da safe, takunsu kaɗai ya isa ya sa ka raina naka. Shekara da shekaru ina leƙensu ta tsakanin katakon da na buga da hannuna, in juya in kalli jajayen kajina masu kama da na kowa, abinci ya fita raina. Ina son kajin nan. Alwyn ya sani, kuma sanin yana yi masa daɗi.

Ba ya sayar da kaza mai rai. Zakarun da bai zaɓa ba, gatari ne rabonsu. Amma ƙwai, duk wanda ya roƙa sai ya ba shi kyauta, har a ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji ana yabonsa cewa shi ke riƙe da irin nan don kada ya ɓace. Da ka zo zai tare ka da fara'a, ya ɗaga murya: "Merle, ɗora buta!" Wa zai kawo wani abu a ransa don an ce a ɗora buta?

Sau uku ya ba ni. Sau uku kazata na kwanci har ƙirjinta ya tsiraice, a ƙarshe in kwashe baragurbi in binne a bayan lambu ina toshe hanci. Na zargi kazar, na sayi injin ƙyanƙyasa. Na zargi injin, na zargi tsawa, na zargi hannuna. Shi kuwa a taron ƙungiya ya ce, kowa na ji, "Fasto ya haddace littattafan kaji na laburare kaf, amma ko dutse ka ba shi sai ya ruɓe a hannunsa." Aka kwashe da dariya. Fasto suke ce mini, don ba na shan giya kuma ba na ganin ba daidai ba in yi shiru. Da ƙuruciya na bar makaranta, ɗan abin da na sani ni na koya wa kaina, saboda haka dariyar nan ta daɗe tana ci mini rai.

A kicin ɗin ranar nan, na sa hannu biyu na ɗauki kwanon.

"Lyall," in ji Merle, "mutumin nan mutuwa yake yi."

"Shi ya sa ba zan jira gobe ba."

An dawo da gadon Alwyn falo don nas ta riƙa samun wurin juyawa. Yana jingine da matasai, robar iska a hancinsa. A kujerar gefe Des Kinnane ne zaune, hula a gwiwa, farantin kek a hannu, suna musun ƙwallo. Des gajere ne, ya kai tamanin kamar Alwyn, tare suka taso. Ya daɗe a Queensland, bara ya dawo gidan 'yarsa da ragowar fararen kajinsa. Da sanyin bana karnukan wani suka shiga suka kashe matan kaf, suka bar masa matashin zakara ɗaya tal. Ya zo roƙon kaza ko da ɗaya ce. Alwyn ya ce kaza kam a'a, amma ga ƙwai.

Na ture kwalaben magani, na dire kwanon a teburin da ke bisa gadon. Ruwa ya fallatsa a bargo.

"Ga abin da aka ɗora wa buta, Des."

Des ya dubi kwanon. Ya tsoma ɗan yatsa, ya fizge, ya goge a wando. Mai kiwo ne, bai nemi bayani ba.

"Wa ya ba ka izinin shiga kicin ɗina, Fasto?" in ji Alwyn. Babu kunya a muryarsa, sai haushin an kama shi.

"Wanda ya ba ni izinin kwashe kashin kajinka."

Des ya ajiye farantin a ƙasa. "Ni kaɗai, Alwyn? Ko kowa?"

"Kowa."

"Matar nan da aka ce ta tuƙo mota tun daga Mildura?"

"Ita ma."

"'Yan makarantar da suka zo da malamarsu fa?"

Alwyn ya kau da kai. Daga bakin ƙofa Merle ta ce, "Su ma."

Des ya daɗe yana juya hularsa. Can ya ce, "Saboda sagarar nan ce ta shekara talatin da suka wuce."

"Sagarata!" Alwyn ya yunƙura har robar ta zame daga hancinsa. "Kazata ta saka ƙwan, zakarana ya taka ta. Na ba ka dozin kamar wawa, ka je ka ƙyanƙyashe, ka kai ta gasar Melbourne ka ajiye a keji kusa da tawa, ka ɗauke kofi a kan idona!"

"Alƙali ne ya ba ni. Ba fizgewa na yi ba."

"Ka tsaya a hoto kana washe haƙora. Jarida ta tambaye ka, ka buɗe baki ka ce daga gidan wa ta fito?"

"Ba wanda ya tambaye ni wannan."

"Ba wanda ya tambaye ka! Ji shi, Merle. Ba wanda ya tambaye shi!"

Tari ya sarƙe shi. Merle ta zo ta mayar masa da robar, ta tallafe shi har ya lafa. Des ya miƙe ya sa hula.

"Kofin yana nan. Jikokina ke zuba fensir a ciki. Da ka yi magana da na aiko maka ta gidan waya, ka ƙyale ƙwan mutane."

"Fita mini daga gida, gajere."

"Zan fita, dogon banza. Ni ka ga ina iya fita." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Na gode da shayi, Merle."

Washegari na same ta tana shanya a bayan gida. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban nemi gaisuwar ba. Ta matse riga, ta yi nuni da haɓa wajen akurki.

"Ni ban ma san ko butar bana tana da amfani ba. Dubi Kanar."

Kanar shi ne zakaran da ya rage. Ya tsufa, zankonsa ya langaɓe gefe ɗaya. Yana tsugune a rana ido rabi a rufe, kaji biyar suna kiwo kewaye da shi, ko kallo ba su ishe shi ba. Tun da na fara shiga akurkin ban ga ya bi ko ɗaya ba. Merle ta ce bara Alwyn ya sa ƙwai sau biyu, 'yan tsaki uku suka fito, dila ta ɗauki namijin, sauran suka mutu da kansu. Ba abin mamaki ba ne. Uba kan 'ya, ɗa kan uwa, shekara talatin babu ɗigon jini daga waje, don ya tabbatar babu wani waje da za a samo shi.

Ina da kaza mai kwanci a lokacin. Merle ta tara mini dozin da ruwa bai taɓa ba, na sa mata. Ban yi a ɓoye ba, na shiga na gaya wa Alwyn.

"Ɓarawo," ya ce. "In sun yi sati ka kawo nan. Ni zan duba. Kai ba ka iya duba ƙwai ba."

Da satin ya cika na kawo su cikin kwando a naɗe da tawul. Rana tsaka ce, Merle ta ja labule ta ƙara rataya bargo a kan taga. Ta ɗauko tsohuwar tocilarsa mai bututun kwali a baki. Ƙwan da zakara ya taka, in ka haska shi bayan sati, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda ba a taka ba garau yake, sai inuwar gwaiduwa tana yawo.

Na tara hannuna a ƙarƙashin nasa don kada ya saki. Ya kafa na farko a bakin tocila, ya juya shi a hankali. Garau.

"Na gaba."

Garau.

"Na gaba."

Da aka wuce rabi, hannu kawai yake miƙowa. Na ƙarshen ya fi daɗewa a kansa. Ya juya shi ta tsini, ya juya ta gindi, ya kawo shi dab da ido.

"Kazarka ce ba ta zauna da kyau ba."

"Da ba ta zauna da kyau ba, da ka ga zoben jini na ɗan da ya fara ya mutu. Wannan ba a taɓa taka shi ba. Ka fi ni sani."

Ya juya ga matarsa. A cikin duhun nan idonsa kawai nake gani. "Ke kika sa musu ruwa?"

"Ban taɓa su ba, Alwyn."

"Kin haɗa baki da su."

"Na ce ban taɓa ba."

Na cire bargon daga taga, haske ya shigo. Na ce masa, "Kanar ya gama. Kajinka biyar ne, kuma ba yara ba ne. In zafinmu na Disamba ya shigo suka daina ƙwai, ban san wadda za ta kai baɗi ba. Des yana da zakara. Jininka ne, daga sagarar nan ya gangaro. Babu wani a ko'ina da muka sani."

"Zakaran Des ba zai hau kajina ba."

"To irin ya ƙare ke nan."

"Ya ƙare ɗin. Ni na yi su." Ya kama hannun rigata, ƙarfin da ya rage masa duk yana yatsun. "Saurara, Fasto. Ranar da na mutu ka ɗauki gatari, yana bayan ƙofar rumfa. Su shida duka. Merle ta sa a firiza. Ka kwashe kofunan da ke kan kantar can, na ba ka."

"Me zan yi da kofin da ban ci ba?"

"Kai ma so kake ka tsaya a hoto da kajina. Na san ka. Shekara nawa kana leƙe ta shinge kamar kare a bakin mahauta?"

"Ina so, ƙwarai kuwa. Amma ba zan yanka ba."

Ya sake ni, ya rufe ido.

Gaskiya ya faɗa. Na so a ce kajin nan biyar su tsallako gidana, in aro zakaran Des, 'yan tsakin su buɗe ido a akurkina. Na kai wa Merle maganar a bakin tankin ruwa. Ta girgiza kai.

"Ka canja wa kaza gida tana tsakiyar ƙwai, ai ta daina sai bayan wata guda. Ashe littattafan naka ba su faɗa maka ba. Kajin ba inda za su. Zakaran ne zai zo."

"Nan? Yana raye?"

"Kajin ba za su jira ya mutu ba." Ta rufe famfon da ƙarfi. "A bahon wankana ake wanke su da bula kafin gasa. Da injin busar da gashina ake busar da su. Ƙanwata ta yi jinya a Perth har ta rasu ban je ba, don babu wanda ya yarda ya bar wa akurki. Wannan duk na haɗiye. Amma yaran nan na makaranta, Lyall. Suna falo suna cin kek ɗina, kowa ya raɗa wa ɗan tsakonsa suna tun bai gan shi ba, ni ina kicin ina kallon agogo."

"Me ya hana ki ƙi?"

"Ka taɓa aure, Fasto?"

"A'a."

"To rufe bakinka."

Na rufe, amma ban wanke ta ba, har yau. Hannunta ne ya riƙe butar.

Ita ta buga wa Des waya. Ya zo da hantsi a a-kori-kurar 'yarsa, zakaran a cikin kwali, ya tsaya a ƙofar gidana, muka bi ta lambuna da kwalin. Na ɓalle katako biyu daga shingen muka wuce. Kanar na ɗauke shi na kai rumfata, bai ko yi gardama ba. Da Des ya buɗe kwalin zakaran ya taka waje, ya girgije, ya miƙe tsaye. Fari fat, faɗin ƙirji kamar an auna, jela a ɗage. Mutumin da karnuka suka cinye masa kaji, mai kiwo a bayan garejin 'yarsa, shi ke da wannan. Ni da na bi kowace ƙa'ida ina da jajaye bakwai da injin da ba ya komai.

Zakaran bai ɓata lokaci ba. Ya sauke fiffike ɗaya ya kewaya babbar kazar, kafin mu rufe ƙofa ya taka ta.

"Ya sani?" in ji Des.

"Zai sani da safe," in ji Merle.

"Ba don in ƙona masa rai na kawo ba, Merle."

"Na sani. Amma ba ka ƙi ba."

Des ya sosa ƙeya.

Da sassafe nake shiga in taya Merle juya Alwyn a gyara shimfiɗa. Muna cikin haka, na tallafo kafaɗarsa, Kanar ya yi cara daga rumfata, irin tasa mai karyewa a ƙarshe kamar an shaƙe shi. Alwyn bai motsa ba. Sai wata ta amsa daga bayan gidan, doguwa, cikakkiya, ta tashi sama ta sauka ba tare da ta tsinke ba.

Na ji jikinsa ya sandare a hannuna.

"Wane ne wannan?"

"Ka san ko wane ne," in ji Merle, tana cusa zanen gado.

"Lyall, je ka fitar da shi."

"Ba gidana ba ne."

"Merle."

"A'a."

"Me kika ce?"

"A'a na ce. Shekara hamsin ba ka ji ta daga bakina ba, gara ka ji kafin ka tafi."

Ya ture bargo ya zuro ƙafa ɗaya ƙasa. Ƙafar ta zama kamar sanda. Ya dafa teburin, teburin ya gangara, na tare shi kafin ya faɗi. Bai fi nauyin buhun dusa ba. Na mayar da shi kan matasai yana haki, hawayen haushi na bin gefen hancinsa.

Zakaran ya sake yin cara. Wannan karon Alwyn ya saurara har ƙarshe, baki a ɗan buɗe. Ya kasa hana kansa.

"Ƙirjinsa da faɗi," ya ce a hankali, ba da kowa ba. Can ya dube ni. "Ido fa?"

"Baƙi wuluk."

"Gashin ƙafa?"

"Daidai, har yatsan waje. Bai yi yawa ba."

"Babu rawaya a bayansa?"

"Ko ɗis."

"Ya fi Kanar?"

Merle ta harare ni. Na san abin da take so in ce. Amma ban taɓa yi wa mai lafiya ƙarya ba, ban ga dalilin farawa da mai mutuwa ba.

"Ya fi shi. Ya fi duk wanda na taɓa gani a gidan nan. In kana so in shigo da shi ka gani."

"Kada ya shigo."

Ya juya fuska bango.

Daga ranar ya sa aka rufe tagogin falon duka, ko da rana ta yi zafi. Gidan katako ne, carar tana ratsowa. Ya ce a riƙa kunna masa rediyo da ƙarfi tun da asuba. Tsakanin labarai da hasashen yanayi, in mai magana ya ja numfashi, sai ka ji ta. Ya daina yi wa Merle magana. In ta kawo cokali ya datse baki, sai in na karɓa. Ita kuwa ba ta fasa komai ba, tana goge masa jiki, tana shafa masa mai a diddige, tana fita ta kwaso ƙwai ta rubuta kwanan wata da fensir a tsinin kowanne.

Des yana zuwa kusan kullum. Ba a ce ya shigo ba, bai nema ba. Sai ya zauna a baranda ya karanta jarida, ya leƙa zakaransa, ya tafi. Alwyn yana jin ƙarar motar. Ya san ta kamar yadda ya san carar.

Wata safiya nas ɗin, wata mai yawan fara'a da ba ta san komai ba, tana ɗaura masa abin awon jini sai zakaran ya saki murya.

"Kai, Mista Treloar! Wannan zakaran naka akwai murya. Tun daga kwanar titi nake jin sa. Lallai ka iya kiwo."

Ta dubi fuskokinmu, ta ci gaba da aikinta.

Kazata ta gaji da kwanci, saboda haka injin na kunna wa sabon dozin. Da suka yi sati na shiga rumfa na rufe ƙofa na haska. Na farkon ma jijiyoyi ne ja-ja, ɗigon tsakiya yana motsi. Tara suka kama. Na daɗe zaune a kan bokiti da tocila a hannu. Injin nan ne dai, hannun nan ne dai.

Na shiga na gaya wa Alwyn, don hakkinsa ne ya sani. A lokacin ya daina cin komai, sai ruwa da ake ɗiga masa. Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Tara sun kama, Alwyn."

Na zaci bai ji ba. Can leɓɓansa suka motsa. "Wa zai ɗauka?"

"Merle ta ce Des zai fara zaɓa, sannan ni. Na gaba da za a tara na matar Mildura ne. Na bayansu na makaranta."

"Des zai fara zaɓa," ya maimaita.

"Zakaransa ne."

Ni ma abin bai yi mini daɗi ba, amma ban faɗa ba. Ya buɗe ido ya kalli rufin ɗaki.

"Za ku lalata su," ya ce.

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. Ban ji ya yi wa kowa wata ba.

Ya cika wata Laraba a ƙarshen Oktoba, gari ya waye ke nan. Na shigo kamar kullum na tarar da Merle zaune a bakin gadon, ta riƙe hannunsa, ba ta kunna rediyon ba. Numfashinsa yana fita da tazara, kowanne sai ka ce shi ne na ƙarshe. Ta yi mini alama in zauna. Muka zauna. A bayan gida kajin sun fara sauka daga kan sanda, ana jin fuka-fukansu.

'Yan tsakin sun fasa ƙwai ne bayan an binne shi, bakwai daga cikin taran. Bai ga ko ɗaya ba. Sautin ƙarshe da ya shiga kunnensa a duniya carar zakaran Des Kinnane ce, daga cikin akurkin shi Alwyn ɗin, idonsa a buɗe.